Dakoro: ba kowane shiru ne haƙuri ba

A ƙasar da fari ya sha gamawa da garke, yunwa ta sha ɗaukar yara, an saba yaba wa wanda masifa ta faɗa wa bai zubar da hawaye ba. Amma cikin waɗanda ake yabon akwai waɗanda ba daurewa suke yi ba. Zuciyarsu ce ta daskare: sun daina jin zafi, sun kuma daina jin daɗi. Likitoci sun san wannan hali, sun kuma san yana da magani.

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, akwai fuskar da ko an tambaye ta ba ta da amsa, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Dakoro bayan mummunar shekara ya san irinta. Mutum ne da ya rasa garkensa, ko ɗansa, ko jarinsa. Yana tashi da asuba, yana amsa gaisuwa da «lafiya lau», yana cin abin da aka ajiye masa. Sai dai in an yi masa albishir ba ya murna, in an yi masa ta'aziyya ba ya ƙwalla. Tuwo da ƙasa ɗaya suke a bakinsa. Ɗansa na wasa a gabansa, yana kallonsa kamar ɗan baƙi. In an matsa masa da tambaya, abin da zai iya faɗi bai wuce cewa gangar jikinsa ce ke yawo cikin mutane ba, shi kuwa yana can gefe yana kallo.

Jama'a na yi wa irin wannan mutum hukunci iri biyu. Wasu su ce wane akwai haƙuri da tawakkali. Wasu kuma, in abin ya daɗe har gona ta yi ciyawa ko rumfar kasuwa ta yi ƙura, su ce zuciyarsa ta mutu, ya zama rago. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, domin wanda aka yaba ba a nema masa magani, wanda aka zarga ba a jawo shi kusa.

Ƙasar da ta san asara

Garin Dakoro yana arewacin Maraɗi da tazarar kilomita 120 da ƴan kai, a inda gonakin hatsi ke ƙarewa, dajin kiwo ya fara. Dokar shekarar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa wannan yanki ne, wajen kwarin Tarka. Daga kudu manoma Hausawa, daga arewa Fulani da Buzaye da bisashensu, wajen Barmo da Gadabeji. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 600,000 a gundumar, bayan an cire mata Barmo a 2011. Arzikin mafi yawansu yana rataye ne a kan ruwan wata uku.

Tsofaffi na ƙirga shekarun wahala da sunayensu. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda kakanni suka bar labarinta. Akwai farin 1973 zuwa 1974. Akwai na 1984 zuwa 1985, wanda aka laƙaba wa El-Buhari saboda ya zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta. A waɗannan shekaru makiyaya da yawa sun wayi gari da sanda kawai a hannu, wasunsu suka ƙare a gadin gidaje da kantuna a manyan birane. An sake ganin haka a 2010, lokacin da mushen shanu ya cika dajin Gadabeji, har waɗanda suka kai damina da kyar ruwan farko ya ƙarasa su saboda rama.

Ga ɗan birni, mutuwar saniya asarar kuɗi ce. Ga makiyayi abin ya zarce haka. Ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da kakarta, da ita aka yi masa kyauta yana yaro, da ita zai aurar da ɗansa. Ita ke tashinsa da asuba, ita ke kai shi rijiya. Ranar da garke ya ƙare, ba dukiya kaɗai ta tafi ba, har da dalilin tashi daga shimfiɗa. Kuma tarbiyyar da ya tashi cikinta, wadda Fulani ke kira pulaaku, ta hana shi nuna rauni a gaban mutane. Sai ya yi zugum, jama'a su ce ya daure.

Yaron da ya daina kuka

Babu shekarar da ta fito da wannan al'amari fili kamar 2005. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Hukuma ta ƙiyasta giɓin cimaka na tan 223,000, aka ce mutum miliyan 3 da dubu 600 na cikin haɗari. Da bazara ta kai, buhun hatsi ya doshi jika 30, saniyar da ta rame kuwa ba ta sayen buhu guda. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin jinyar tamowa a wurare da dama, ciki har da Dakoro, kuma a wannan shekara kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a faɗin Nijar.

Ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi sun san wani abu da baƙo ba ya ganewa. Yaron da ke tsala ihu ba shi ne ya fi tayar musu da hankali ba, domin mai kuka yana da sauran ƙarfi. Wanda suke tsoro shi ne wanda ya yi shiru, idanunsa a buɗe amma ba ya bin kowa da kallo, ƙuda na sauka a fuskarsa ba ya korewa, an miƙa masa abinci ba ya ko waiwaye. Jikinsa ya rage duk abin da zai iya ragewa domin ya tsira da numfashi, har da sha'awar duniya. Shi ya sa littafin jinyar tamowa na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya sa wasa da yaro da rungumarsa da yi masa magana cikin matakan jinya, tare da madara da magani. Shi ya sa kuma ake ɗaukar murmushin farko alamar cewa yaro ya juyo.

A gefen tabarmar wannan yaro akwai uwa. Ta yi tafiya mai nisa, ta bar wasu ƴaƴan a gida, mai yiwuwa ta riga ta binne ɗaya. Ita ma takan zauna shiru, tana yin abin da aka ce ta yi ba tare da fuskarta ta motsa ba. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta damu da ɗanta ba. Gaskiyar ita ce damuwar ta yi mata yawa har ta rufe ƙofa. Wani nazari da aka buga a mujallar OMS a 2011, wanda ya haɗa bincike 17 daga ƙasashe 11 masu tasowa, ya nuna cewa ƴaƴan uwayen da ke fama da ciwon damuwa sun fi sauran yara haɗarin rama da tsumburewa. Ke nan daskarewar zuciyar uwa ba matsalarta ba ce ita kaɗai, tana bin nono da hannu ta isa ga yaro.

Abin da masana suka gano

Wannan hali ba na mutanen Sahel ba ne kaɗai. A Amurka, tsakanin 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya da suka yarda a rage musu abinci har tsawon mako 24, domin a san yadda za a yi jinyar waɗanda yaƙin duniya ya bari da yunwa. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda halinsu ya sauya: sun daina raha, sun daina son zama da mutane, komai ya fita ransu in ban da zancen abinci. Babu wanda ya mutu musu, babu garken da suka rasa. Yunwa kaɗai ta isa ta dushe zuciya.

Firgita ma na yin haka. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Jay Lifton ya tattauna da waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima na ƙasar Japan, ya fitar da littafinsa a 1967. Da yawansu sun shaida masa cewa suna tafe cikin gawarwaki amma ba su ji komai ba. Ya bayyana cewa zuciya kan kashe jinta da kanta a lokacin da abin da ke gabanta ya fi ƙarfinta, kamar yadda ƙafa ke yin sanyi ta daina jin taɓi in an daɗe a zaune a kanta. A ranar masifa wannan rahama ce, domin da shi ne mutum ke iya haƙa kabari, ya ɗauki sauran yara ya kama hanya. Matsalar tana farawa ne in masifa ta wuce amma ƙofar ta ƙi buɗewa, domin ƙofar da ta tare baƙin ciki ita ce kuma ke tare farin ciki.

Likitoci na samun wannan alama cikin cututtuka da dama. Ta farko ita ce ciwon damuwa, wanda ake kira dépression da Faransanci. Mutane na zaton mai wannan ciwo kullum cikin kuka yake, alhali ɗaya daga cikin manyan alamunsa biyu ita ce gushewar sha'awa da jin daɗin abin da aka saba so, kusan kullum, har mako biyu ko fiye. OMS ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 5 cikin 100 na manya a duniya ke fama da shi, mata sun fi maza, kuma a ƙasashe marasa ƙarfi fiye da kashi 75 cikin 100 ba sa samun wata jinya. Ta biyu ita ce larurar da ke biyo bayan mummunar firgita, kamar haɗarin mota ko harin ɓarayi. Ta uku ita ce makokin da ya ƙi ƙarewa, wanda sabon kundin cututtuka na OMS da ya fara aiki a 2022 ya amince da shi a matsayin larura in ya zarce wata shida, ya kuma wuce abin da al'adar wurin ta saba. Ban da waɗannan, ƙarancin jini, ciwon maƙoshi mai jawo maƙoƙo, doguwar jinya da shan ƙwayoyi irin su tramol duk suna iya sa mutum ya zama kamar ba shi ba.

Ciwon bai tsaya a daji ba

Kada ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya ɗauka wannan zance na makiyaya da matan karkara ne kawai. Kasuwar Maraɗi da na kewayenta suna numfashi ne ta iyakar Najeriya. Wanda ya ga karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kuɗin suka rasa rabin ƙarfinsu dare ɗaya, ko rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya san attajiran da suka kwanta da jari suka tashi da bashi. Wasunsu sun yi ta faɗa da kururuwa, daga baya suka sake miƙewa. Wasu kuwa ba su ce uffan ba. Suna zuwa rumfa kullum, su zauna, mai saye ya taya ko su amsa ko su ƙyale, wanda suke bi bashi ya wuce ta gabansu ba su kira shi ba. Abokan ciniki su ce Alhaji ya saki duniya.

Haka yake a bariki. Ma'aikatan gwamnati da suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta watannin da aka jera babu albashi ba. Malamin lakwal da aka tura ƙauye mai nisa, iyalinsa na wani gari, yakan kai matsayin da yake rubutu a allo ba tare da ya damu ko yara sun gane ba. Malamin asibiti da ya ga mutuwar yara da yawa a damina guda yakan wayi gari yana yi wa uwa tsawa, ko ya sanar da rasuwa kamar mai karanta farashin kaya. Jama'a su ce ba shi da imani. Sau da yawa mutum ne da ya fara aikin da tausayi, tausayin ya ƙone saboda ba a taɓa ba shi hutu ko wanda zai saurare shi ba. Wannan ba hujjar wulaƙanta majinyaci ba ce, amma shugaban ma'aikata da ya san haka zai nemi gyara tun kafin ya rubuta takardar horo.

Inda haƙuri ya rabu da daskarewa

Bahaushe ya ɗora haƙuri a kan sauran halaye, har ya ce shi ne maganin zaman duniya. Ba wanda ke jayayya da wannan. Amma mai haƙuri yana jin zafin, ya riƙe shi. In ya kaɗaita yana iya kuka, in jikansa ya yi abin dariya yana dariya, in damina ta faɗi yana ɗaukar kwashe ya nufi gona. Wanda zuciyarsa ta daskare ba abin da yake riƙewa, domin ba abin da ke isowa gare shi. Addini ma bai ce haƙuri shi ne bushewar ido ba: sananne ne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Don haka iyali na da abin dubawa. Shin mutumin ya bar abin da a da ba ya iya kwana bai yi ba, kamar sauraron rediyo, zuwa fada shan shayi ko zagaya bisashe da maraice? Shin barcinsa da cin abincinsa sun sauya? Shin ya daina kula da tufafinsa da tsabtar jikinsa? Shin yana yawan kukan ciwon kai, nauyin ƙirji, zafin jiki da kasala, an auna ba a ga komai ba? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin a ƙasar Hausa da wuya mutum ya je gidan likita ya ce zuciyarsa ce ba lafiya. Jiki yake kai ƙara, a ba shi maganin zazzaɓi, ya koma gida da ciwonsa.

Akwai kuma lokacin da ya fi haɗari. Al'ada ta tanadi zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, kuma a cikin waɗannan kwanaki gida cike yake da mutane. Bayan arba'in kowa ya koma harkarsa, daidai lokacin da mai rashi ke fara gane abin da ya same shi. Wanda ya rasa garke ko jari kuwa ko zaman kwana uku ba a yi masa. Haka ita ma mai jego: an yi suna, an watse, in ta ce ba ta jin komai game da jaririn da ke hannunta sai a rufe mata baki, alhali larura ce sananniya da ke warkewa.

Abin da za a iya yi

Matakin farko ba ya bukatar ko dala. Zumunta a ƙafa take. A riƙa zuwa, a zauna, ko da mutumin bai yi magana ba. Kada a cika shi da wa'azin cewa wasu sun fi shi shiga wahala, domin ya sani, kuma sanin yana ƙara masa jin laifi. A ja shi zuwa ƙaramin aiki mai lokaci: rakiya zuwa kasuwa, ba akuya ruwa, kai yaro lakwal. Likitoci sun tabbatar cewa a wannan ciwo ba a jiran sha'awa ta dawo kafin a motsa. Motsin ne ke fara zuwa, sha'awa ta biyo baya sannu a hankali.

Ƙasar Dakoro na da nata dabarun tun kafin zuwan likita. Fulani na da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa garke aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, ya mayar da uwar ya tsira da ƴaƴan. Ana lissafa wannan a matsayin taimakon dukiya, amma ya fi haka: yana mayar wa mutum dalilin tashi da asuba, yana kuma shaida masa cewa danginsa ba su cire shi daga lissafi ba. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin su bazu zuwa ƙasashe da dama, suna tara mata kowane mako a inuwa guda. Macen da ta daina zuwa zubi, ƴan uwanta ne za su fara lura.

In mako biyu zuwa wata guda ya wuce ba sauyi, sai a nufi gidan likita, a faɗi abin yadda yake, a nemi a auna jini a duba sauran jiki. Akwai jinya ta hanyar zance da wanda aka horar, akwai kuma magunguna, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a sayensu a tebur ko a hannun mai talla. Addu'a da zuwa wajen malam ba sa hana zuwa asibiti. Abin da ba ya halatta shi ne ɗaure majinyaci ko dukansa da sunan fitar da iska. In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa yana sallama, wannan ba abin jira ba ne: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Saura nauyin hukuma. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, inda sashen da ake kira Pavillon E na babban asibitin ƙasa ya zama abin tsoro a bakin mutane, har ana ganin ba a zuwa can sai an haukace. Manomin Kornaka ko makiyayin Barmo ba zai yi wannan tafiya domin «rashin jin daɗi» ba. Tun 2008 OMS ta fitar da tsarin da ake kira mhGAP, wanda ke koya wa malaman ƙananan asibitoci gane irin waɗannan larurori da jinyarsu. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A Pakistan an yi irin haka da ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida wajen masu ciki da masu jego. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya bukaci gina sabon asibiti. Ƙasar da ke da ungozoma a kowane ƙauye, da tsofaffin da ake jin maganarsu, ba ta rasa waɗanda za a horar ba.

Bayan kowace mummunar shekara ana ƙirga buhunan da aka raba, da shanun da suka mutu, da yaran da aka sallama daga cibiyar tamowa. Ba a ƙirga waɗanda suka tsira da rai amma suka daina jin ɗanɗanon rayuwar, domin ba sa damun kowa, ba sa zuwa ƙofar hukuma. Suna nan a zaure, a rumfa da ofis, ana gaishe su suna cewa lafiya lau. Wanda ke da irin wannan mutum a gidansa ko a wurin aikinsa, ya dace ya zauna kusa da shi, ya sake tambaya a karo na biyu, ya kuma jira amsar.